Ranar Sunan Ɗiyata Aka Ware Wa Mahaifiyata Kofi

A lokacin ni amarya ce mai son a yabe ta. 'Yar manoman doya ce ni, Bagbagiya, wato Bagwariya, daga wani ƙauye kusa da Paikon Kore, na auri Bahaushe mai shagon kayan gini a Dei-Dei. Ba wanda ya taɓa zagina a danginsa. Sai dai su dube ni su ce wallahi ban yi kama da Gwarawa ba, ga tsafta ga Hausa rangaɗau, ni kuma in washe baki kamar an ba ni kyauta. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ake nufi da sauran 'yan'uwana ba.

Da na haifi ɗiyata ta fari, mahaifiyata ta zo suna. Ta shigo gidan cike da mata, da ƙaton kwanon doya a kafaɗa, don mu a wajenmu mace ba ta ɗora kaya a ka, kai abin girmamawa ne. Nan aka fara taɓa juna ana ƙunshe dariya. Aka shimfiɗa mata tabarma can bakin ƙofa wajen takalma, aka kawo mata ruwa a wani tsohon kofin roba, alhali kowa da kofin gilas yake sha. Wata ma ta tambaye ta cikin fara'a ko tana salla, alhali ita ce ta koya min alwala. Da ta miƙa hannu za ta karɓi jikarta, sai aka ce ta fara wanke hannu tukuna, bayan jaririyar ta zaga hannu ya fi a ƙirga ba a ce wa kowa haka ba. Ina zaune bakin gado ina gani, na sunkuyar da kai. Ta wanke hannun, ta yi wa yarinyar addu'a daga nesa, ta ce za ta koma kada ta rasa mota.

Surukata ce ta tare ta a ƙofa. Mace ce mai kaushin harshe, ni kaina tsoronta nake ji. Ta dubi tabarmar, ta dubi kofin, ba ta tambayi kowa ba'asi ba. Ta karɓo jaririyar ta ɗora wa mahaifiyata a cinya, ta zauna kusa da ita nan wajen takalman da tsadadden leshinta, ta ɗauki kofin robar ta shanye sauran ruwan. Sannan ta ce wa matan ita ma ta sha zama a layin asibiti a garin nan ana tsallake ta, ana yi mata magana da hannu kamar kurma don an gan ta da hijabi, kuma duk da murmushi ake yi. Ta ce wadda jikin kakar yarinya bai yi mata ba, ga hanya nan. Ba wadda ta tashi. Ta roƙi mahaifiyata ta zauna ta yi min wankan jego, ta kuwa zauna har muka yi arba'in. Har gobe in na tuna matar nan sai na ji ƙaunarta ta cika min zuciya.

Wata safiya tana gasa min jiki, mahaifiyata ta ce ita kofin bai dame ta ba, ta saba da irinsa a kasuwa da cikin mota. Abin da ya sa ta tashi tafiya shi ne ta nemi idona a ɗakin ba ta samu ba.

Shi ya sa nake jan kunnen masu karatu. Wariyar da ke raba mu ba kullum take zuwa da zagi ba, takan zo a yabo ko a wurin zama, har mai yin ta ya rantse bai yi komai ba. In aka ce ka fi mutanenka, kada ka yi godiya. In kuma aka ƙasƙantar da wani a gabanka, ka ɗaga kai ka dube shi, don wataƙila kai kaɗai yake jira.