Shekarar da Daji Ya Cinye Sojoji

A gidanmu na unguwar Jarwal, kusa da Ɗakin Allah, surukata Hajiya ba ta taɓa ƙirga shekara da lamba ba. Ka tambaye ta yaushe aka haifi wane, sai ta ce shekarar da ruwa ya shiga Harami, ko shekarar da muka baro unguwar Nakkasa.

Wata la'asar autata ta dawo daga makaranta ido ya yi ja. Malamarsu ta tarihi ta ba ta shekara ta tara ta miladiyya, gobe ta tsaya gaban aji ta faɗi abin da ya faru a duniya a cikinta, ba takarda a hannu. Yarinya ce mai kunya, in ta tsorata komai sai ya gudu daga kanta. Na yi ta maimaita mata, ni da na yi sakandare, abin bai zauna ba.

Hajiya tana gefe tana gyaran zogale. Ta ce, "Ƙawata, zo nan. Me aka yi a shekarar taki?"

Yarinyar ta amsa, rabi Hausa rabi Larabci: rundunar Rum ta shiga wani daji a ƙasar Jamus, aka yi mata kwanton ɓauna, kaɗan suka fito. A ƙasar Sin kuma, wanda aka ba riƙon sarauta saboda mai gadon yaro ne, ya haye kujerar ya zauna.

Hajiya ta ce, "To ai shekarar da daji ya cinye sojoji ke nan, mai riƙo ya ci amana. Wa ya ce miki tara sunan shekara ne? Annabi ma, sallallahu alaihi wa sallam, a Shekarar Giwa muka san an haife shi."

Yarinyar ta ce wa kakarta, "Sitti, ba haka ake yi a madrasa ba."

"Madrasar ta girme ni ne?"

Ni dai hankalina ya tafi ga iyayen sojojin nan, mata irina, suna ta duban hanya. Ta taga ina hango hasumiyar agogo, na tuna a wannan shekarar ma Ɗakin Allah yana nan inda yake.

Washegari yarinyar ta shigo ko abaya ba ta cire ba, ta faɗa jikin kakarta. Ta ce da sunan da Hajiya ta raɗa wa shekarar ta fara a gaban aji, sauran ya biyo da kansa, har malama ta tambayi wa ya koya mata.

Hajiya ta ce, "Kin dai faɗa mata ni ce?" Ta tura mata tiren zogale. "Zauna ki taya ni."