Kunnen Baba da Aka Ƙera a Wata Ƙasa

Mahaifina malami ne a Ƙofar Rini, cikin garin Sakkwato. Ciwon ido ya cinye ganinsa tun ina budurwa, amma makantar ba ta hana shi karantarwa ba, domin littattafan suna cikin kansa. Ɗalibansa magidanta ne, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikatan gwamnati. Kowace safiya sukan zauna a zaure, ɗaya ya ja baƙi, Baba ya fassara, in an karya wasali ya tsayar da mai karatu nan take.

Da tsufa ya kama shi sai ji ma ya fara gudu. Kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama ya rage kaɗan. Yayana, wanda sana'arsa shigo da kayan lantarki daga ƙasashen waje, shi ya kai shi Legas aka saka masa na'urar ji, 'yar ƙarama da ba ta kai ƙwallon dabino ba, tana maƙale a bayan kunnen dama. Baba bai taɓa ce mata na'ura ba. Kunnena yake cewa. Ni nake saka masa ita da asuba, domin tun da mijina ya rasu na dawo gida, kuma Inna ta riga ta rasu, ni ce mai kula da shi.

Wata safiya ina tsakar gida ina dama kunu, na ji wani ɗalibi yana karatu a zaure, ya yi kuskuren da ko ni na gane. Na jira in ji muryar Baba. Shiru. Ɗalibin ya ci gaba, ya kai ƙarshen shafi ya tsaya. Can sai na ji Baba ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"To, ku hwara mana. Mi kuka jira?"

Na saki muciya na yafa mayafi na leƙa. Mutanen suna kallon juna. Baba yana zaune a kan buzunsa, fuskarsa a sake, yana jiran karatun da aka riga aka gama.

Na ɗauka batirin na'urar ne ya ƙare. Na canja, na sake canjawa, na goge ta da auduga, na hura. Na sa ta a nawa kunnen, ko ƙara babu. Na kama hannun Baba, ban san yadda zan gaya masa ba. Na yi magana a bakin kunnensa, na yi ihu, bai motsa ba. Daga ƙarshe na buɗe tafin hannunsa na rubuta da yatsa, da ajamin da shi ya koya mini: ya lalace. Sai da na maimaita kafin ya gane.

"A kira ƙanenki shi duba," ya ce.

Ƙanena injiniya ne. Ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar batir a Kano, har aka rufe ta lokacin da batir mai araha daga waje ya cika kasuwa. Ya dawo Sakkwato da iyalinsa ya buɗe shago a Minanata, yana haɗa wa mutane wutar sola. Na bi shi har shagon. Ya sa na'urar ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya daɗe yana lallaɓa ta kafin ta buɗu. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar gero, an zuba masa wani irin danƙo ya daskare.

"Wanga shi yam mutu, Yaya," ya ce mini. "Ba a yi shi don a gyara ba. Ko na ciro shi, babu inda za ni samu irinai. Babu mai yin shi ƙasar ga. Ko zaren wayar da ke cikinta ba mu yi."

Na kira yayana a waya. Ya ce kada in damu, abu ne na kwana biyu. Amma da ya nemi wakilin kamfanin a Legas, sai ya tarar an rufe ofishin. Wani kamfani ya sayi wanda ya ƙera na'urar, ya kwashe aikin ya kai wata ƙasa inda ma'aikata suka fi araha, ya daina yin irin ta Baba. Sabuwa kuma ba a saye a maƙala kawai. Sai an auna kunnen mutum an daidaita ta da kwamfuta, kuma manhajar da ake daidaitawar a hannun masu ita take can waje, sai wanda suka ba izini. Na kai Baba wani asibiti a nan garin ko a auna kunnen mu rage hanya. Likitar ta nuna mini injin awon an lulluɓe shi da zane. Ta ce wani ƙarfe ne ya ƙone a ciki, sun rubuta a aiko, suna jira.

Yayana ba mutumin zama ba ne. Ya shiga kasuwa ya kwaso na'urori masu araha cike da leda, irin waɗanda ake sayarwa tare da tocila da rediyo. Muka dinga gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta yi wani fito mai tsini da ni ma da ke gefe na ji shi har cikin haƙora. Baba ya fizge ta ya jefar, ya dafe kunne. Ya daure muka gwada wasu. Bayan kwanaki kunnen ya kumbura ya fara ruwa, muka bari.

Ban san yadda zan kwatanta watannin da suka biyo baya ba. Mutum ba ya gani, ba ya ji. Bai san rana ta fito ba sai in zafinta ya taɓa shi. Masallaci yana jikin gidanmu, ladan yana kira bango yana amsawa, Baba yana zaune sai na taɓa gwiwarsa na ɗora hannunsa a kan buta. Wani lokaci yana tsakiyar mutane sai ya ce, "Akwai wani nan?" Mu duka mu miƙa hannu mu taɓa shi. Idan na shiga kewaye ko na leƙa maƙwabta, ina dawowa in tarar yana kiran sunana da ƙarfi yana lalube a bango. Na daina zuwa biki, na daina zuwa gaisuwar mutuwa. Yatsana ya zama bakina, kuma yatsa ba ya sauri. Kafin in rubuta masa cewa jikarsa ta haihu, ya gaji ya janye hannu.

Ɗaliban sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Su zauna, shi ya yi ta karantarwa daga ka, ba wanda zai iya yi masa tambaya. Wani zubin yana cikin bayani a kira salla, su rasa yadda za su tashi su bar shi yana magana.

Wata Juma'a bayan an sauko, yayana da ƙanena suka haɗu a tsakar gida. Baba yana kan tabarma a inuwar darbejiya, tsakaninsu. Yayana ya ce ya yi odar sabuwa ta hannun wani abokin kasuwancinsa, amma canjin dala yana tashi kullum, kuma kayan sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Ƙanena ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ai haka za mu ƙare. Kun buɗe ƙohwa kowa ya zubo muna shara, kun kashe kowace masana'anta, yanzu kunnen ubanmu na hannun mutanen da ba su san da mu ba."

"Kai, rufa mani baki," in ji yayana. "Wa yak kawo kunnen tun hwarko? Ba don ƙohwar da kaka zagi ba, da Baba ya kurumce tun shekarun baya. Kai kab ba shi shekarun ga da yay yi shina karantarwa?"

"Da an bar mu mun girma, da mun kai ga yin irinta."

"Ku da kunka yi batir shina zubar da ruwa cikin rediyon mutane? Talaka shi sayi naku da tsada don ku koyi aiki bisa kainai? Da anka ruhe boda, mi kunka ƙera? Shinkahwa ce kawai tag gagari mutane."

"Su waɗanda kaka sayo kayansu, da hwarko ba ruɓaɓɓe sunka yi ba? Gwamnatinsu ta tsare musu kasuwa har sunka iya. Mu muna rarrahe kunka sako muna kwantena bisa kai. Na ga magidanta suna kuka bakin get ɗin masana'antarmu ran da anka ruhe ta, Yaya. Kai kana Dubai."

Ban taɓa jin ƙanena ya yi wa yayanmu magana haka ba. Suka miƙe tsaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowannensu na ji gaskiya a bakinsa, kuma gaskiyar ba ta da amfanin komai ga mutumin da ke zaune a ƙasa. Na yi musu tsawa, na ce su fita su je can su raba ƙasar, ni kunne nake nema. Na fashe da kuka a gabansu.

Baba ya ji motsin ƙafafu a tabarma. Ya miƙo hannu yana murmushi.

"Yaran ga sun zo? Mi suka hwaɗi?"

Na rubuta masa: suna gaishe ka. Ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, suna tsaye suna huci.

Ƙanena ya ɓace mana kusan mako biyu. Sai ga shi da wani akwatin roba da ya haɗa da hannunsa, da makirfo a gaba da abin sawa a kunne irin na masu waya. Yana ajiyewa ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, duk abin da ke ciki daga waje yake, akwatin kawai ne namu. Kunnen Baba ya warke a lokacin, muka saka masa. Ƙanena ya riƙe makirfo ya yi sallama. Baba ya ɗaga kai da sauri.

"Na ji wani abu. Sake."

Ya sake. Baba ya karkata kai, ya daɗe.

"Kamar ana jan turmi bisa ƙasa. Mutum na?"

Washegari ya ce a kira ɗalibai. Babban cikinsu, wani dattijo mai sayar da albasa, ya durƙusa ya karanta a bakin makirfo a hankali, harafi bayan harafi. Baba ya runtse matattun idanunsa yana ƙoƙari har gumi ya keto masa. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Daga nan ya cire abin ya ajiye a cinyarsa.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Ba ni iya gyara abin da ban ji ba, kuma ba ni barin ku ku tahi da kuskure da sunana. Ku koma wurin malamin Ƙohwar Dundaye. Na yarda da karatunai."

Ba wanda ya tashi. Dattijon ya kama hannunsa ya kifa goshi a kai. Ni na koma ciki na zauna a bakin murhu, na rasa abin da zan roƙa. Na tuna na ce, ya Allah, ko rabin kunne ne.

Damina ta zo ta wuce kafin sabuwar na'urar ta fito daga tashar. Muka ɗauki Baba a mota zuwa Abuja, inda aka ce akwai mai izinin daidaita ta, yayana yana tuƙi, ƙanena a gefensa. Ni ina baya riƙe da hannun Baba, duk garin da muka wuce in rubuta masa sunansa. Likitan ya auna, ya danna kwamfuta, ya saka masa. Ya ce in yi magana.

"Baba," na ce. "Baba, ni ce."

"Ɗiyata," ya ce. "Kina nesa ƙwarai."

Ina durƙushe ne a gabansa, gwiwata tana taɓa tasa. Likitan ya ja mu gefe ya bayyana mana cewa idan kunnen tsoho ya daɗe ba ya aiki, ƙwaƙwalwa takan manta yadda ake rarrabe kalmomi. Zai ji murya, zai tsinci kalma nan da can, amma abin da ya tafi ya tafi. Da an zo da wuri, in ji shi. Ya ƙara da cewa ita ma wannan 'yan shekaru take yi, mu kasance cikin shiri. Na tambaye shi wane irin shiri. Ya buɗe hannuwa kawai.

Baba yana nan da rai. Yana gane muryata da ta 'ya'yansa maza, yana gane in an yi sallama. Karatu dai bai dawo ba. Yayana yana ci gaba da shigo da kayansa, ƙanena yana ci gaba da haɗa su a rufin gidajen mutane, suna gaisawa sama-sama.

Kwanakin baya Baba ya sa na ɗauko kwalin na'urar, ya ce in gaya masa inda aka yi ta. Na duba na ga ƙasashe uku: a ɗaya aka zana ta, a ɗaya aka ƙera, a ɗaya aka naɗe. Na faɗa masa da ƙarfi, na kuma rubuta a hannunsa. Ya tambaya ko mutane ne suke yi da hannu, na ce ina jin mata ne a wani babban ɗaki, haka ƙanena ya ce. Ya yi ta shafa kwalin.

Tun ranar, in ya idar da salla ya gama yi wa iyayensa da malamansa addu'a, sai in ji ya ƙara da su. Allah shi ba matan ga lahiya, Allah shi tsare musu aikinsu, Allah shi hana a ruhe wurin. Yana faɗa da ƙarfi, don bai san ƙarfin muryarsa ba, har masu wucewa a lungu suna ji. Ni kuma ina bayansa ina cewa amin, domin ban san wani abin da zan yi ba.