Shawarar da na ba Baba kan ƙwayar hawan jini

Shekarar da na shiga kwaleji a Azare, wallahi ji nake ba kamata. Yayana ya bar mini tsohuwar wayarsa, babban yatsana ba ya hutawa, daga tes sai filashin. Duk maganar da aka tayar a gida ina da amsarta shaf-shaf.

A wannan bazarar aka ce Baba yana da hawan jini. Shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, kuma kowa ya san alwalarsa ta azahar ita ke kai shi la'asar, yana zaune kan buzu yana biya wa mutane karatu. Likita ya ba shi wata 'yar farar ƙwaya, ya ce ya riƙa sha da safe, za ta sa shi yawan fitsari. Baba kuwa ba ya shan magani sai ya ci abinci mai nauyi, sai ya mai da ita bayan abincin rana.

Ana tsakiyar karatu sai ya rufe littafi ya sunkuci buta. Ya dawo, jim kaɗan ya sake miƙewa. Akwai amininsa, wani Alhaji Babarbare mai sayar da hatsi, ga Baba Bafulatani, dama ba sa raga wa juna.

"Malam, butar nan sadakinta ka biya ne?"

"Kai Babarbare, yaushe ka koyi alwala har kake ƙirga ta wani?"

Aka yi dariya, har da Baba. Amma da ya shigo gida ya ce wa Inna shi ya gama da ƙwayar nan. Inna ta ce bai isa ba. Ina gefe ina danne-danne, ko kai ban ɗaga ba na ce, "Baba, harkar ai lissafi ce. Tankin da ba a zuba masa ruwa ba me zai zubar? Sha ƙwayarka, ka ƙyale ruwa sai magariba, an wuce wajen."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ɗan boko."

Ya kuwa bi shawarar tawa. Washegari ya ce jijiyar ƙafarsa na ɗaurewa, leɓensa duk ya bushe. Na gani, na ce zafin Azare ne kawai. Rana ta uku, a sallar la'asar, ya ɗago daga sujada zai miƙe, sai ya tafi gefe guda ya zube. Ina sahu na biyu, na ji ƙarar kansa a siminti.

Na zaro waya zan kira yayana ya kawo mota, yatsan nan nawa ya kasa nemo lambar. Alhaji ya ɗora kan Baba a cinyarsa yana ta "Malam! Malam!"

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Da ya farfaɗo, nas ɗin, wata dattijuwa, ta ce, "Malam, wa ya ce ka daina shan ruwa?"

"Ni na ga dama," in ji Baba.

Na ce, "Hajiya, ni ne."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce ƙwayar na jan ruwa da gishirin jiki ko an sha ruwa ko ba a sha ba, shi ya sa jininsa ya faɗi ƙasa, kuma haka na iya taɓa ƙoda. Ta ce ya riƙa shan ta bayan asuba, kafin azahar ƙarfinta ya ragu. Ya sha ruwa in ya ji ƙishi, ya riƙa miƙewa a hankali, in azumi ya matso ya zo a tsara masa. Suka ɗebi jininsa don duba ƙodar.

Muka yi ta jiran sakamakon. Da ya fito aka ce ƙodar ta wahala amma za ta warware, sai dai a riƙa dubawa.

Baba ya koma limancinsa, da kofin ruwa gefen buzu. In buta ta kira shi, ya tafi, Alhaji ne ma ke cika masa ita. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai kuma sake ce mini ɗan boko ba. Ni dai na koma sahun farko, daidai bayansa, duk sanda zai miƙe daga sujada hankalina na kan ƙafafunsa.