Gawayin Dada

Jiya zakaruna biyu suka kaure da faɗa, ƙaramin ya fito jina-jina. Ina ɗaga shi, kakata Dada ta faɗo mini a rai.

A gidanta na Nukkai, ni nake riƙe ƙafafun zakara, ita tana wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi. Sai ta kwaɓa garin gawayi da man kaɗe, ta shafe wurin har ya yi baƙi.

"Ɓoye jinin," takan ce. "In 'yan'uwansa suka ga ja, sai sun ƙarasa shi."

Na kwaɓa gawayin, na juya zan miƙa mata. Ni kaɗai ne a tsakar gida, zakara yana makyarkyata a cinyata.

Allah Ya lulluɓe ki da rahamarsa, Dada.