Ragon Layyar Kaka a Hawa na Tara

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakata, Hajiya Rabi, kuma yau zan amsa laifin da na daɗe ina ɗora wa masu hasashen yanayi. Ina ɗan shekara goma lokacin da abin ya faru. Talabijin ta ce guguwar da ta taso daga teku ta rage ƙarfi, an cire ta daga sahun manya. Kaka ba ta jin Turanci, sai ta zungure ni: "Maigida, me suka ce?" Na gyara zama kamar tafintan kotu, na ce, "Amarya, sun ce ta mutu."

"Allah ya ji ƙanta," in ji ta, ta ci gaba da jan carbi.

Washegari mamaciyar ta iso Alexandria, garin da muke zaune a jihar Virginia ta Amurka. Rafin bayan gininmu, wanda kyanwa ke tsallakewa ba ta jiƙa ƙafa ba, ya zama kogi. Na rantse na ga motar maƙwabcinmu tana koyon iyo. Bishiyoyi suka faɗa kan wayoyi, wuta ta ɗauke, ko kuran, kamar yadda Kaka ke cewa da bakinta na Maraɗi.

Damuwar tana cikin firiza. Kwana shida da Babbar Sallah, ragon layyar Kaka na ciki, na farko da aka yanka da sunanta tun zuwanta Amurka, kuma ba a kai wa 'yan'uwa na garuruwan Sterling da Wheaton rabonsu ba. A rana ta biyu da ɗauke wuta ƙanƙara ta fara saki. Mama ta ce rediyon mota ya yi gargaɗi a zubar da duk abin da ya narke.

"Naman layya a shara?" Kaka ta ɗaure zane. "A Maraɗi wa ya ba mu firiza? Ke, kawo gishiri. Kai kuma, ragon miji, ɗauki tukunya."

Lif ba ya aiki. Daga hawa na tara na sauko da tukwane, matakala dubu huɗu a lissafina, ɗari da 'yan kai a lissafin Baba. A filin gashi na bayan gini Kaka ta hura gawayi. Ta bi naman yanki-yanki, tana shinshinawa, tana dannawa da yatsa. Wanda ke da sauran sanyi ta yanka ƙanana. Kitse ta fara narkarwa, sannan ta zuba naman a wuta kaɗan-kaɗan har ruwansa ya ƙone ƙaf, mai ya rufe shi. Ƙamshi ya sauko da rabin ginin. Wata 'yar Habasha ta zo da kajinta, wani Bature ya zo da talotalo mai girman ƙanena. Kaka ta dube shi, ta ce, "Gaya masa wannan ba tsuntsu ba ne, raƙumi ne." Ban fassara ba.

Yanzu wayoyinmu kururuwa suke tun hadari bai haɗu ba, mutane su kwashe burodi da ruwan roba kamar za a tashi duniya. Da tana nan, na san tambaya ɗaya za ta yi: akwai gawayi? Bayan shekara biyu da ruwan nan ta rasu, ba ta bar gida ko gona a ƙasar nan ba. Abin da ta bari shi ne, Mama, wadda ta so zubarwa, yanzu ranar Sallah take soye namanta tas, ta raba tun kafin la'asar.

A makaranta nakan ce mun ciyar da rabin Virginia. Gaskiyar ita ce hanta da kayan ciki sun lalace, Kaka da hannunta ta ƙulle su a leda ta jefa. Sauran ya cika tukunya uku. Da aka janye bishiyoyi daga hanya, Baba ya kai wa kowane gida rabonsa. Wuta ta dawo a rana ta huɗu.