Dutsen Taimamar Surukina

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma Allah ne shaida ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi saboda kunya.

A lokacin ina aiki a gonakin rani na Wurno, shekarun da aka gama madatsar ruwan Goronyo ruwa ya fara iso mana ko da tsakiyar rani. Aikina buɗe ƙofofin magudanai ne da rufe su, wato in na buɗe da safe sai zaman jira, ni kuwa mutum ne da hannuna ba ya iya zama haka nan. To akwai wani malamin asibiti da muke haya gida ɗaya, Malam Bitrus, mutumin Filato, shi na fara gani yana gyaran duwatsu da yamma. Zai ɗauko tsakuwar da ko kallo ba ta ishe ka ba, ya goga ta a kan dutsen wasa wuƙa yana yayyafa ruwa, ya koma kan samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, a ƙarshe ya murza ta a jikin tsohuwar fata, sai ka ga abu yana sheƙi har da jijiyoyi ja da fari a ciki. Na ce ya koya mini, ya koya mini, ya ce abu biyu kawai zan riƙe, kada dutse ya bushe a hannuna, kuma kada in yi gaggawa. Na farkon na riƙe shi.

Abin ya shiga raina fiye da kima. Ranar hutu sai in hau babur har bakin gulbin Rima in cika aljihu da tsakuwa, matata Hajo tana mitar na yayyage mata aljifan riguna, kayan aikin kuwa kullum suna cikin jaka a bayan babur. Na kai matsayin da ba na iya ganin dutse in ƙyale shi.

Wata Juma'a muka je Kwargaba gaida mahaifinta. Tsoho ne sosai, idanunsa sun tafi, ga ciwo ya kwantar da shi, in ruwa ya taɓa jikinsa sai zazzaɓi ya tashi, saboda haka taimama yake yi kowace salla. Yana da wani baƙin dutse mai faɗi a gefen shimfiɗarsa, inda hannunsa ke kaiwa ba sai ya kira kowa ba. Ina durƙushe ina gaishe shi, kaina a ƙasa yadda ya kamaci suruki, amma wallahi idona yana kan dutsen nan. Gefensa duk ya ɓalle, samansa kuma ba daidai ba, ya lotsa wuri biyu. Raina ya ce in ka daidaita wannan ka goge shi, ai ka yi wa Baba kyautar da ba wanda ya taɓa yi masa.

Kun san halinmu da surukai, ba ka buɗe baki ka ce Baba ara mini kaza. Kunyar tambaya ta hana ni tambaya, amma ba ta hana ni ɗauka ba. Bayan azahar barci ya ɗauke shi, Inna matarsa da Hajo suna can cikin gida, na sa dutsen a jaka na fita bayan gari bakin wata rijiya, a lissafina kafin la'asar na mayar da shi.

Ashe dutsen taurin tsiya gare shi. Na goga, na goga, gumi har cikin ido, da ƙyar na cinye saman ya zama bai ɗaya, ban ko kai ga samfefa mai laushi ba sai na ji ladan ya kira la'asar. Na san yanzu Baba zai farka ya miƙa hannu ya ji wayam, makaho, mara lafiya, mutumin da Hajo ta ce bai taɓa jinkirta salla ba.

Ina durƙushe, tafukana biyu a kan dutsen, da rana kata, ga mata can suna jan guga, sai na ji an ɗora hannuwa a kan nawa. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, hannuwa ne na mutum, busassu, marasa nauyi, masu ɗumi, har ina jin kaushin yatsun. Suka danna sau ɗaya suka ɗaga. Na kasa motsi, na kasa ko salati a fili. Can bayan ɗan lokaci, daidai yadda mutum zai shafi fuskarsa, suka dawo suka sake dannawa, har suka ɗan tsaya suna lalubar bayan hannuna, sannan suka tafi. Na duba gabana, na duba bayana, ba kowa sai awaki.

Ban san yadda na kai gida ba. Na shiga ɗakin da sallama ina shirin in ga tsoho yana lalube a ƙasa, sai na tarar da shi zaune da carbi, Inna a gefe tana fifita shi. Inda dutsen yake zama kuwa fili ne, don ga shi a jakata yana ɗiga.

Inna ce ta fara magana, ta ce, "Malam, duci hwa ba shi nan, da mi ka yi taimama?"

Ya ce, "Shina nan mana, na aza hannu na ishe shi inda nika barinai. Sai dai jiƙe shike, kuma akwai hannun mutum bisa."

Sai ya juyo daidai inda nake, ya ce, "Mijin Hajo, matso, miƙo hannunka."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na miƙa, ya shafa bayan hannuna a hankali, ya gyaɗa kai ya ce, "Kai na." Wato hannuna ne ya ji a bisa dutsen. Na ciro dutsen na ajiye a gabansa, ina cewa Baba gyara na so in yi. Ya ɗora tafukansa, ya shafa, ya sake shafawa, ya daɗe yana neman abu.

Ya ce, "Wurin ga biyu da ka shahe, hannun babana na ya ci su, da na kakana. In na aza nawa ciki sai in ji awa muna salla tare."

Hajo tana bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Da zagina ya yi da na samu sauƙi, amma sai ya tambayi Inna, tunda shi ba ya gani, wai ya yi kyau? Inna ta dubi dutsen, ta dube ni, ta ce ya yi kyau Malam. Ya ce to madalla, Allah shi yi albarka, a ba ni shi in tafi da shi tunda na sha wahala, shi kuma a ɗebo masa rairayi a faranti. Da rairayin nan ya ci gaba da taimama har Allah ya karɓi abinsa.

Na ba Malam Bitrus labari, na kuma tambayi wani malami a Rabah ya ce Allah ne masani, kuma har yau ban san yadda hannun mutumin da ke kwance cikin ɗaki ya same ni a bakin rijiya ba. 

Shawarata gare ku, musamman masu sabon koyon sana'ar hannu da ke ganin komai yana bukatar gyara, in kun ga kayan tsoho ya lotsa ko ya karkace ku tambaya kafin ku taɓa, ko da surukinku ne, ko da kunya za ta kashe ku. Dutsen yana nan a ɗakina, sumul, na ɗora tafukana a kai ya fi a ƙirga, babu inda hannu zai zauna.