Shekarar da Muka Buga Takai a Alƙahira

A shekarata ta uku ta karatu a Alƙahira muka kafa ƙungiyar takai, kuma ba da niyya muka fara ba. Abokin zamana a unguwar Hay el-Sabi', wani ɗan Damagaram, shi ya ɗauko sandar goge ƙasa wata Juma'a bayan mun ci abinci, ya ce a garinsu ba a yin salla ba a buga takai ba. Na ɗauko wata sandar muka gwada a falo: ka buga da na gabanka, ka juya, ka buga da na bayanka. Kafin azumi ya kama mun zama mu takwas. Makaɗi ne kawai ba mu da shi.

Aka ce mana akwai wani tsoho a unguwar Arba wa Nus, Bahaushen Sudan, wanda yaƙi ya koro shi da iyalinsa. Muka same shi zaune a ƙofar shagon ɗinkin mijin 'yarsa yana sa wa riga maɓalli. Kakansa ne ya baro ƙasar Hausa a ƙafa zai je hajji, ya tsaya noma a Sudan, zama ya miƙe. Shi bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausar bakinsa irin wadda na ji wurin kakata ce. Baba muke ce masa.

"Gangata tana can, 'ya'yana," in ji shi. "Wanda ya bar gida da ƙofa a buɗe, ina ya ga ta ɗaukar ganga?"

Muka yi sallama jiki a sanyaye. Bayan 'yan kwanaki sai ya aiko mu zo. Ashe ya samo fatar akuya wurin wani mahauci, ya ɗaure ta a jikin ƙaramin duro. Ya ce ba ta da muryar waccan, amma za ta yi.

Wasanmu na farko ranar ƙaramar salla ne, a ƙofar wani gidan shayi a unguwar Ard al-Liwa. Mai wurin ya ja kujeru gefe, masu tuktuk suna ta matsa oda don mun tare lungun. Akayau ɗin ƙafafunmu na marafan kwalba ne da muka huda da ƙusa. Na kuskure na doki ɗan Damagaram a yatsa, ya cije leɓe bai tsaya ba. Mata suka leƙo daga benaye suna guɗa. Wani dattijo Bamisire mai gadin gida, mutumin kudancin ƙasar, ya shigo da'irar da tasa sandar yana juya ta bisa kai irin ta garinsu. Baba ya sassauta kiɗan ya bi ƙafarsa. Ranar na fara ganin haƙoran Baba.

Daga nan gayyata ta riƙa zuwa: sunan 'yar wani ma'aikacin ofishin jakadanci, ranar al'adun ɗalibai baƙi da tsakiyar bazara inda zafi ya kusa kayar da mu, sai kuma bukukuwan 'yan Sudan. Wasu 'yan'uwanmu ɗalibai suka ce an turo mu neman ilimi mun ɓige da rawa. Maganar ta sa mutum biyu suka janye, muka ci gaba mu shida.

Baba bai taɓa ƙin gayyata ba, kowane irin nisa, ko da ƙafarsa ta kumbura. Da ya ajiye ganga kuma sai ya bi taron yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, musamman sababbin zuwa. Na ɗauka son hira ne, har 'yarsa ta gaya mini dalili. Babban ɗansa ya tsaya a baya don ya kula da gida, ya ce zai biyo su, daga baya wayarsa ta daina shiga. Baba yana bin taro ne ko zai dace da wanda ya gan shi.

Bayan zafi ya sauka aka kira mu ɗaurin aure a Arba wa Nus. Mun gama zagayen farko bayan la'asar, muna shan ruwa, na hango Baba tsaye da wani dogon mutum a jikin bango. Mutumin ya riƙe hannunsa biyu yana magana ƙasa-ƙasa. Sun daɗe. Da Baba ya dawo sai ya rataya ganga ya ce, "Yalla, ku tashi."

Kiɗan bai canza ba, sai dai bai ɗago kai ko sau ɗaya ba. Muka yi rawa, aka yi mana tafi, dangin ango suka kawo abinci. Ina raka shi gida ɗauke da gangar ya ce, "Wancan mutumin maƙwabcinmu ne. Shi ya yi wa gawar ɗana wanka. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanya, babu magani."

Na tsaya cak. Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mana? Ai da mun bari."

"Ma'alish, ba komai, ɗana. Bikin mutane ne. 'Yarsu ba ta yi mini laifin komai ba."

Bai sake bin mu wasa ba. Muna zuwa gaishe shi ranar Juma'a, mu same shi a kwance cikin bargo. Sanyin Alƙahira ya shige masa ƙirji. Ba ya zancen ɗan. Ƙasar Hausa yake tambaya: wai da gaske har yanzu ana rini a marina, kuma kuka tana girma har mutum ya ɓuya a cikinta? Ɗan Damagaram ya ce in an yi hutu zai tafi da shi ya gani. Baba ya yi murmushi ya ce, "Tamam, ya yi." Ya rasu a tsakiyar hunturu. Muka bi shi zuwa wata maƙabarta a bayan gari, cikin yashi, mu da 'yan Sudan kaɗan da suka samu barin aiki.

Akwai wani bikin raye-rayen gargajiya da muka riga muka amsa tun yana da rai. Muka je da kiɗansa da aka ɗauka a waya, aka haɗa da lasifika. Da fari abin ya tafi. Can tsakiya sai muryar Baba ta fito daga cikin kiɗan yana cewa, "Juya, juya," ya yi ɗan tari. Ɗan Damagaram ya ɗaga sanda zai buga da tawa, hannunsa ya tsaya a sama. Da'irar ta rikice. Muka lallaɓa muka ƙarasa, mutane suka tafa, ba su san abin da ya faru ba. A motar komawa babu wanda ya ce a daina, babu kuma wanda ya sake kiran gwaji.

Bayan jarrabawa ɗan Damagaram ya gama ya koma gida, wasu biyu suka bi bayansa. Na je Arba wa Nus in gaida 'yar Baba, na tarar da wani mai gyaran waya a shagon. Ya ce sun tashi. Wata maƙwabciya ta ce garin Aswan suka nufa, wani kuma ya ce ya ji ana zancen Libiya. Na zauna a gefen hanya na sha shayi, sannan na nemi mota na koma Hay el-Sabi'.